Tsarabar Alhaji Sabo

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Sabo ya kawo wa darakta tsaraba ba. In na tuna, dariya kama ni take ko a ina nake, Allah ya yafe mini, har a zaman makoki ta taɓa kama ni. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kuna ganin mashigar kwale-kwale ta siminti a bakin kogin Wudil kamar tare aka halicce su da kogin. To ku ji yadda aka yi ta tsaya a inda take.

Lokacin ina mataimakin jami'in kula da kamun kifi a ƙaramar hukuma. Tsohuwar mashigar 'yar ƙarama ce, in jirage biyu suka tsaya, na uku sai ya sauke mutane a cikin taɓo. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, abin ba kyan gani. Mata da ƙoren nono, dattawa da akuyoyi, kowa ya zaro ƙafa sai takalmi ya zauna a ƙasa. A daminar da ta gabata wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Iya Tabawa, ta zame ta karye a ƙafa. Shi ya sa matuƙa jiragen suka tashi haiƙan a faɗaɗa wurin kafin ruwa ya sauka, don in kogi ya cika ba sauran zuba siminti sai wata shekara.

Ƙa'idar kuwa ita ce ba a taɓa bakin ruwa sai jami'i ya zo daga Kano ya gani da idonsa. Abu biyu yake dubawa. Kada ginin ya tsuke hanyar jiragen 'yan yashi, don jirgin da ya sha lodi ba ya juyawa da wuri. Sannan kada a danne inda wata halittar ruwa take hayayyafa. Matuƙa sun riga sun zaɓi wani farin rairayi ta gabas, mai daɗin haƙa.

Shugabansu shi ne Alhaji Sabo, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ko gaisuwa zai yi maka sai ka ɗauka wani yake kira a tsallaken kogi. Ba ka shiga gidansa ka fito hannu rabbana. Daraktar da aka turo kuwa Hajiya Binta ce, mai tabarau, wadda labarin rashin dariyarta ya riga ta isowa.

Da muka zo shiga jirgi ta ce sai kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa.

"Ranki ya daɗe, ni fa a ruwa aka haife ni," in ji Alhaji Sabo.

"To a ruwa za ka sa ta, Alhaji."

Haka ya ɗora ta a kan babbar rigarsa ya koma kamar kabewa. Na cije leɓe har ya kusa fashewa.

Muka zaga, aka auna faɗin hanya. Wani jirgin yashi ya zo wucewa, ta bi shi da ido, ta ce wurin da matsi amma in an rage tsawon ginin zai yiwu. Da muka sauka a rairayin ta tambaya ko akwai dabbar da ke zama a nan.

"Dabba? Hajiya, ko kwaɗo ba ya kwana a wurin nan!"

Matuƙa suka gyaɗa kai gaba ɗaya. Ta dube ni, na faɗi iyakar sanina, cewa duk zuwan da nake yi da rana ban taɓa ganin komai ba. Ta ce shi ke nan, in ta koma za ta amince. Wayyo daɗi! Mata suka ɗau guɗa, aka kawo soyayyen kifi da yaji, ni kaina sai da na taka 'yar rawa a bayan mota.

Har direba ya tayar da mota sai ga Alhaji Sabo a guje, rigar kariya ma bai cire ba, mutum biyu na biye da shi da babban daro an rufe da jiƙaƙƙen buhu.

"Haba Hajiya, ai ba a haka! Baƙo ya taso tun daga Kano ya koma ba tsaraba? Sai a yi da mu a gari."

Ya yaye buhun. Kififiya ce, kunkurun ruwa, ta cika daron taf. Ta miƙo wuya, direba ya yi salati ya ɗaga gilashin mota.

"Wannan ba a samun ta a kasuwa," in ji Alhaji. "Farfesunta maganin sanyi ne."

Hajiya ta cire tabarau. "Masha Allah. A ina aka samo ta?"

Nan fa alfahari ya kwashe shi. "A nan mana! A rairayin da kika tsaya ɗazu. Ta fito za ta yi ƙwai muka cafke ta. Ai duk bazara nan suke fitowa, garke guda, in kin ga ƙwan da suke binnewa..."

Mataimakinsa ya taka masa ƙafa.

"Ko kwaɗo," in ji Hajiya a hankali.

Alhaji ya sosa ƙeya. "Ranki ya daɗe, ai ba a yi maganar kififiya ba."

Matar da aka ce ba ta dariya ta fashe da ita har sai da ta dafa ƙofar mota. Kowa ya ɗauka, wani matuƙi har da zama a ƙasa. Amma ni tawa ta yanke a tsakiya, don na tuna Iya Tabawa. In Hajiya ta ja motarta ta tafi, mutanenmu za su sake shekara a cikin taɓo.

Ba ta tafi ba. Ta goge hawaye ta ce, "Alhaji, wanda ya san inda take ƙwai ya san inda ba ta yi. Mu je ka nuna mini."

Ya kai mu gefen yamma, ƙasa mai tauri da tsakuwa, inda kififiya ba ta iya tonawa. Don wuyar haƙa suka guje shi tun farko, ga shi kuma nesa da kwanar da 'yan yashi ke juyawa. Ta amince da nan, bisa sharaɗin a bar rairayin ga masu shi, kuma Alhaji ya mayar da tsarabarsa da hannunsa. Ya ɗauki kififiyar yana nishi ya kai ta kogi. Tana jin ruwa ta sulale ba ko waiwaye.

"Ku duba," ya ce, "ko godiya babu!"

Matuƙa suka sha haƙa da diga a ƙasar nan suna zagin Alhaji suna dariya, aka gama kafin ruwan farko. Ranar Juma'ar da kogi ya cika na je na tsaya. Na ga Iya Tabawa ta sauko daga jirgi da sandarta, ta taka siminti, takalminta biyu a ƙafarta.

Abin da na koya ke nan, ku ma ku riƙe. Mutanen bakin ruwa ba mugaye ba ne, buƙata ce ke sa su ɓoye abu, kuma in ka kama su kada ka tafi da fushi, ka tambaye su mafita, suna da ita. Sannan in kun je duba wuri kada ku yi saurin shiga mota. Bakinsu yana iya rufa wa kogi asiri, amma hannunsu na kyauta ba ya iyawa.