Ƙafar Tsoho da Likitocin Akwati

Kwanan baya ina zaune a shagon tela a unguwar Krofrom ina jiran a rage mini riga, sai wata dariya ta taso daga talabijin ɗin da ke bango. Irin dariyar nan ce ta taron mutanen da ba a ganinsu, su kwashe tare, su tsaya tare. Tela ko kai bai ɗaga ba. Ni kuwa nan take na koma 'yar shekara goma sha biyu a barandar gidanmu na Alabar, ina zaune a kan turmin da aka kifa, mata sun kewaye ni suna jiran in faɗa musu abin da Bature ya ce.

Gidan haya ne, ɗakuna sun fi goma, talabijin kuwa ɗaya ce, baƙi da fari, ta kawuna direba. Duk Laraba bayan magariba ana nuna wani wasa na likitocin soja a bakin daga. Tantuna ne a tsakiyar duwatsu, jirage masu saukar ungulu suna kawo waɗanda aka harba, likitoci su yi ta ɗinki, in sun fito su yi ta tsokanar juna da manyansu. A yaran gidan ni ce na fi nisa a boko, saboda haka aka naɗa ni tafinta ba tare da an tambaye ni ba.

In faɗa maka gaskiya, Turancinsu gudu yake yi, rabi nake kamawa, kuma rabin in na juya shi Hausa sai ya fito lami. Akwatin talabijin ya kwashe da dariya, mata su zuba mini ido, in ce, "Ya ce abincin ba daɗi," kowa ya yi tsit. Wata maƙwabciyarmu mai koko ta ce, "Yarinyan nan bai ji Turanci kraa, ko kaɗan." Maganar ta yi mini ciwo. Daga ranar na bar fassara na koma ƙira. Likita ya ɗaga cokali ya dubi miya, ni in ce wai naman leƙowa ya yi ya gaida miyar ya wuce. Na gane dole in gama kafin dariyar akwati ta faɗo, kuma kalmar da ke da yaji a ƙarshe ake ajiye ta. Ba a yi wata ba, har daga maƙwabta ake zuwa da kujeru.

Mutum ɗaya ne ba ya dariya, kakana na wajen uwa, wanda duk gida ke kira Tsoho. Daga ƙasar Nijar ya zo yana saurayi, aka ɗauke shi soja aka kai shi Burma, aikinsa ɗauko waɗanda aka harba. Da ya dawo ya kama cinikin goro a kasuwar Kejetia. A daminar nan ƙusa ta soke shi a ƙafar hagu, ciwon ya ƙi warkewa. Wanzami ya yi nasa, an shafa ganye, an ɗaure, har yatsu biyu suka yi baƙi, wari ya fara rinjayar turaren ɗakinsa. Wata nas da ke gidan gaba ta duba, ta ja Inna, mahaifiyata, gefe ta ce in baƙin ya haura idon sawu ƙafar za a yanke, in ya wuce nan kuma sai dai rai. Tsoho ya ce ko gawarsa kada a kai asibiti.

Inna ce ta gaya mini dalili muna wanke-wanke. A Burma ya ɗauko amininsa ɗan garinsu, ya kai shi tantin likitoci, ya tsuguna a waje yana jira. Can sai likita Bature ya fito, ya faɗa wa abokin aikinsa wata magana, suka bushe da dariya. A lokacin aminin nasa ya riga ya cika. Tun ranar Tsoho ya rantse ba zai miƙa jikinsa ga masu dariya a kan gawa ba, kuma shekara arba'in bai karya ba.

Saboda haka duk Laraba yakan juya kujerarsa ya ba akwati baya, ƙafa a kan matashi, carbi a hannu. Ina jin haushinsa ƙwarai, ina kuma tsoron ranar da zan dawo daga makaranta in tarar da tabarmi a ƙofar gida.

Wata Laraba ruwa ya ɗauke, rufin kwano yana ɗiga, na shirga wata ƙarya mai daɗi, baranda ta ɗauka. Sai muka ji murya daga baya.

"Ba haka ya ce ba, amarya."

Amarya yake kirana, wasan kaka da jika. Ashe duk makonnin nan yana ji, Turancin bariki bai bar kunnensa ba. Kunya ta rufe ni, amma bakina bai mutu ba. Na ce, "To ango, in ka fi ni, juyo ka karɓi aikin." Mata suka yi shewa. Bai juyo ba, sai bayan ɗan lokaci ya ce, "Ina masu dariyar suka tafi?"

Na kasa kunne. An shiga ɗakin tiyata, likitoci na ta zuba zance a kan mutumin da suke ɗinkewa, amma taron nan da ba a gani ya yi shiru, sai ƙarar almakashi. Ni da nake fassara wata da watanni ban taɓa lura ba. Na ce, "Ba su shiga nan." Ya ce za mu gani.

Mako na gaba ya karkata kujera rabi, kamar mai neman iska. Aka shiga tiyata, shiru. Aka fito, dariya ta dawo. Ya ce, "Wanda ya rubuta wannan ya taɓa tsayawa a wurin." A mako na uku baƙin ya kusa idon sawu, Inna ta daina cin abinci, shi kuwa ya sa kawu ya ajiye shi a gaban akwati.

A wasan ranar wani yaro soja ya mutu a hannun wani likita mai surutu. Likitan ya fito, ya ɗauki kofi, ya jefa wata maganar ban dariya. Na buɗe baki zan ƙera tawa, Tsoho ya ɗaga mini hannu.

"Bar ta. Dubi kofin."

Kofin rawa yake yi, har ruwa na zuba a rigar likitan. Tsoho ya zuba wa kofin ido. Sannan ya ce, ba da kowa ba, "Wancan na Burma ma ya kasa kunna taba. Ashana uku ya karya. Na gani da idona, amma dariyar kaɗai na riƙe." Aka kira isha'i, ya yi sallarsa a zaune.

Da asuba ya ce wa kawu ya nemo tasi a kai shi asibiti, da sharaɗin ni zan raka shi, wai yana so ya ji yadda zan yi ƙarya a gaban likita na gaske. Likitan wani Ba'asante ne, ɗan ƙasar, mai sanƙo. Ya kwance ƙyalle, ya dubi ƙafa, ya dubi Tsoho, ya ce da Turanci yatsun nan biyu sun riga sun yi ritaya ba su sanar da shi ba. Ban fassara ba, don Tsoho ya riga ni dariya. Ya tambaye shi, "A cikin ɗakin tiyata ma haka kake?" Likita ya ce, "A'a Baba, a ciki aiki nake. In na fito ne nake neman abin da zai riƙe ni."

Yatsu biyu aka cire, ƙafa ta tsira. Ranar da aka sallame shi ya ƙi tasi ta shigo da shi unguwa. A bakin titi ya sauka, ya tako da sanda, 'yan goro da masu shaguna suna fitowa suna yi masa barka, mai koko na guɗa, Inna na kuka tana dariya. Ni ina gaba da ƙullin kayansa a ka, ina tafe ina ƙasaita sai ka ce ni na yi aikin. Har yau ban yi farin ciki irin na wannan hantsin ba.

Yanzu an yanka barandar an yi shagon gyaran waya. Yaran gidan sun fi ni Turanci, kowa da wayarsa a hannu, ba mai neman tafinta. Ba na ƙorafi, zamani ne. Sai dai in ɗayansu ya ce mini wasan dariya ai ɓata lokaci ne, nakan gaya masa cewa na san wani tsoho da ya sa mai gyaran takalmi ya cusa tsumma a gurbin yatsunsa biyu, ya yi shekaru yana zuwa masallaci sau biyar a kan wannan ƙafar. Ba a sake ɗaukarsa ba sai ranar da aka kai shi makwanci.