Jinin Malam Sale

Har gobe ban manta ranar da aka shigo mana da Malam Sale ɗakin gwaji ba, ƙanensa na tallafe da shi. A farkon shekarun Shari'a ne, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ɗakin gwaje-gwajen jini a nan Daura. Aikina ɗibar jini, liƙa masa lamba, da kula da firji.

A lokacin wata malamar jami'a, Dokta Binta, ta zo da wani bincike. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, abin shi ne: gyaɗa ko masara idan ta yi hunhuna tana fitar da dafi. Jikin mutum yana da wasu sinadarai, enzayim muke ce musu, masu sarrafa wannan dafi. Wani lokaci sarrafawar ce ke mayar da shi abin da ke jawo ciwon dajin hanta. Don a gane enzayim ɗin akwai wani ruwa, antibodi, da ake samowa daga jinin zomo. Idan aka ɗiga shi sai ya maƙale wa enzayim ɗin kaɗai, launi ya fito. Daga ƙasar waje aka aiko mana da shi cikin 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa. Da shi da jinin da aka ɗiba, zafi ne ajalinsu.

Muka je wani ƙauye a gefen Sandamu neman jini. Mutane suka noƙe, don lokacin ana yawan zargin duk mai allura. Liman ya tambaya ko akwai haram a cikin ruwan. Dokta ta ce daga zomo yake, kuma ba a jikin kowa za a sa ba. Duk da haka ba wanda ya motsa, sai wani manomi dattijo, Malam Sale, ya naɗe hannun riga.

Ya ce, "Ciwon hantar nan ya cinye mahaifina da yayana. In jinina zai nuna inda ɓarawon ke shiga, ɗebi, ɗana."

Daga nan layi ya kafu har la'asar.

Dokta ta koma jami'a haɗo sauran kayan aiki. A bayanta wutar unguwarmu ta lalace, muka dogara da janareto. Ran Juma'a da yamma, bayan na tashi, shugaban wurinmu ya sa aka ɗauki janareton aka kai gidan walimar 'yarsa. Ba a dawo da shi ba sai Litinin. Da na buɗe firji ɗumi ya bugi fuskata. Komai ya lalace, har antibodin. Na sami shugaban a ofis na faɗa masa.

Ya ce, "Lawal, tsautsayi ne. In Dokta ta dawo ni zan yi mata bayani."

Dokta ta ji, ta yi kuka. Ta ce sake samo ruwan zai ɗauki watanni.

Bayan damina sai ga Malam Sale. Da kyar na gane shi. Ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya, wuya ya zama tsinke. Ƙanensa Audu ne ya ɗauko shi a babur, ya ɗaure shi da rawani a bayansa don kada ya faɗi. Asibiti sun riga sun faɗa masa abin da ke damunsa. Na kawo kujera, muka gaisa.

Ya ce, "Ba magani na zo nema ba, wannan na bar wa Allah. Mutanen garinmu ke tambayata, tunda ni na sa su. Me kuka gani a jinin namu?"

Na kasa haɗa ido da shi. Farar rigar da ke jikina ta yi mini nauyi, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Na leƙa ofishin shugaba don ya zo ya amsa da bakinsa, aka ce ya fita. Na dawo na durƙusa gaban dattijon.

Na ce, "Baba, ba mu ga komai ba. Jinin ya lalace a hannunmu. Wuta ta ɗauke, janareto kuma ba ya nan."

Audu ya miƙe a fusace. "Jinin gari guda? Kun ɗauke mu dabbobi ne?"

Malam Sale ya kama gefen rigarsa ya zaunar da shi. Sannan ya tambaye ni ko janareton ya dawo. Na ce ya dawo. Ya miƙo hannu.

"To sake ɗiba tun da saura. Na yanzu ma ai ya fi, tunda ciwon na ciki."

Da kyar na sami jijiya. Ina ta lalube, shi yake ce mini sannu. Bai kai babbar Sallah ba ya rasu. Da sabon antibodi ya iso, na raka Dokta ƙauyen, ta tsaya gaban jama'a ta ba su haƙuri. Wasu sun sake bayarwa, da yawa sun juya mana baya, kuma ban ga laifinsu ba.

Ku da kuka fara aikin nan yanzu, za a koya muku tsadar sinadari da wuyar samunsa. Antibodi in ya lalace ana sake aikowa. Amma duk kwalbar da ke cikin firjinku mutum ne ya naɗe hannun riga ya ba ku amana, kuma wata rana shi ko ɗan'uwansa zai zauna a gabanku ya tambaye ku abin da kuka yi da ita.