"E" ɗin Bajapane a Kujerar Ilu

Har gobe ban manta da ranar da Bajapane ya shigo shagonmu na aski a unguwar Anbariyya, nan ƙasa mai tsarki, ba, wata Laraba cikin Rajab. Ni Sani, ni ne babba a shagon. Mai shagon kuwa Abu Faisal ne, ɗan ƙasa, jikan Kanawa, mai jin Hausa ya amsa da Larabci. A ƙa'idarsa sabon ma'aikaci sai ya yi wata uku na gwaji. In ya yi ɓarna a ciki, ba za a sabunta masa iƙama, wato takardar zama, ba, sai gida. Ilu, mutumin Maraɗi, yana cikin watansa na ƙarshe, kuma iyalinsa duk shi suke kallo.

Baƙon sunansa Yusuf, bai fi shekara biyu da musulunta ba, ga suma har kafaɗa. Ina kan wani, sai ya zauna a kujerar Ilu, ya shafa gemu. Ilu dai sauri ne da shi kamar ana korarsa. Ya ɗaga inji ya zagaya kan mutumin da shi a iska.

"Sifir? Kwal-kwabo?"

Yusuf ya zaro ido. "Eeeh?!"

"Ka ji, Malam Sani, ya ce e," in ji Ilu. Kafin in juyo ya buɗe titi daga goshi har ƙeya.

Yusuf ya dubi madubi, kafaɗunsa suka faɗi. "Aaa-a..."

"Yanzu kuma a'a? Bawan Allah, bayan na fara?"

"Maji?" in ji Yusuf.

"Ma ji me? Ai mun ji, kai ka ce e!"

Ni dariya ta kama ni, tsoro ma ya kama ni. Ana cikin haka Abu Faisal ya shigo. "Esh hada, ya Ilu?" Wato mene ne wannan. Ya ciro waya ya kunna manhajar fassara, muka tsaya Yusuf yana magana a ciki. Ashe a bakinsu "eeeh" mamaki ne, kamar mu ce "kai!" "Aaa-a" takaici ne, "maji" kuwa "da gaske?" Gemu kawai ya zo a rage masa. Sumar nan tun da ya musulunta yake tara ta, don ya aske ta a Makka bayan Umrarsa ta farko, kuma jibi zai tafi. Nan dariya ta ɗauke mini, wallahi tausayinsa ya kama ni.

Abu Faisal ya dubi Ilu ya ce, "Khalas." Duk mun san ma'anarta: an gama, sai gida.

Ilu bai roƙi kowa ba. Ya cire hularsa zanna, wadda matarsa ta aiko masa, ya kifa wa Yusuf, ta rufe titin tsaf. Yusuf ya juya dama, ya juya hagu, fuskarsa ta washe. "Eeeh!"

Ilu ya yar da inji ya maida hannu baya. "Malam Sani, ka shaida, ban taɓa shi ba."

Yusuf ya yi dariya har da hawaye. Ya ce wa wayar a gaya wa mai shago sauran sumar ta ishe shi Umra, kuma in aka kori mai hula saboda shi, wannan ne zai ɓata masa tafiya. Abu Faisal ya yi ƙwafa, ya haƙura. Na ce a tuna wa Yusuf dai ba a ihrami da hula, titin nan da shi zai yi ɗawafi.

Bayan mako Yusuf ya dawo, kai tal, ya miƙa hular. Ilu ya ce kyauta ce.

"Eeeh?!"

Ilu ya dube ni. "Tambaye shi, wannan wacce ce?"

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin hannu, kada kunnenku ya ruɗe ku. Mutum ya ce e, ku dubi idonsa tukuna, don abin da inji ya kwashe ba ya komawa. Ilu yana nan har yau, kuma ko Bakano ya ce masa e, sai ya sake tambaya.