Ranar da Alƙalin Ruwa Ya Makara

Kafin rana ta leƙo ta kan tsaunuka, Don Nabor Quijada ya riga ya kurɓe baƙin kofinsa, ya saɓa shebur, ya bi bakin lambatu har madatsa. Nan ya janye reshen da ya tare ruwa, can ya liƙe ramin gafiya, gaba kuma ya tsaya yi wa shanun wani faɗa kamar suna jin magana. Haka muka buɗe ido muka gan shi a El Vado, shi ne alƙalin ruwan ƙauyenmu, har gwiwa ta ce masa ya isa haka. A wurinmu "Don" da "Doña" laƙabin girmamawa ne, kamar malam da malama. Ranar Lahadin da ta wuce ya ajiye shebur, shi ya sa na ce bari in faɗi nawa tun yana ji da kunnensa.

Kogin Santa Cruz dai ba wani abin a zo a gani ba ne, da rani ko akuya tsallake shi take yi. A Amurka yake ɓuɓɓugowa, ya gangaro mana jihar Sonora ta ƙasar Meziko, ya yi kwana ya sake komawa arewa. Don Nabor kan ce, "Duk garin nan shi kaɗai ke shiga da fita ba a tambaye shi takarda." Ya girmi shingen iyaka, ya girmi cocinmu. Da shi kakanni suka noma masara da wake, da shi muke rainon barkono da shanu. Duk damina ambaliya ta kwashe madatsarmu ta ƙirare da yashi, duk bayan damina Don Nabor ya tattaro mu, masu son jiki da masu ciwon baya na ƙarya, a sake ɗaura ta.

Dokar ruwa ɗaya ce tun zamanin kakanni: ranar da layi ya zo kanka, ka kasance a bakin gonarka kafin ƙararrawar safe ta coci. In ta kaɗa ba ka nan, ruwa ya wuce wa na ƙasa da kai. A kan wannan Don Nabor bai san ɗan'uwa ba. Ya taɓa wucewa da ruwan Tiburcio, maƙwabcinsa na ƙasa, don ya makara bayan wani biki, kuma har Tiburcio ya koma ga Allah bai ƙara gaishe shi ba. Matar Tiburcio, Doña Ofelia, ta gaji gonar ta gaji fushin.

Sai aka yi shekarar da bikin San Juan, lokacin da muke sa ran faɗuwar damina, ya zo ya wuce ko yayyafi babu. Kogi ya koma kamar zare. Barkonon Doña Ofelia ya fara sunkuyar da kai, ga layinta da sauran nisa, ga ɗanta da ke birnin Tucson na Amurka ya kafa mata ƙahon zuƙa: in gonar ta mutu bana, sai ta rufe gida ta koma wurinsa. Ita kuwa kabarin mijinta yana nan, kajinta suna nan. Don Nabor ya same ta a bakin shingen gonarta, ya cire hula.

"Doña Ofelia, gobe layina ne. Ki karɓa."

"Riƙe ruwanka, Nabor. Tiburcio bai roƙe ka yana raye ba, ba zan roƙe ka yana ƙasa ba."

Washegari, in ji matar Don Nabor, Doña Remedios, ta fito ta tarar da shi zaune a ɗakin girki, takalmi a ƙafa, hula a gwiwa.

"Tsoho, lafiya? Ƙararrawa fa ta kusa."

"Barci nake yi."

"Da ido buɗe?"

"Remedios, ƙaro mini kofi, kuma kar ki kuskura ki tashe ni."

Sai da ƙararrawa ta gama kaɗawa sannan ya miƙe. Ya iso bakin gonarsa, mutane sun taru ana ta sowa, "Alƙali ya makara! Yau wa zai yi wa alƙali shari'a?" Bai ko murmusa ba. Ya dubi masararsa da ke jiran ruwa, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Mai gonar nan bai zo ba. Doka doka ce." Ya soka shebur, ya karkatar da ruwan zuwa ƙasa. Doña Ofelia ba ta da bakin ƙi, domin ba kyauta ba ce, haƙƙinta ne. Barkononta ya rayu har ruwan sama ya sauka. Masararsa kuwa ta bushe a tsaye, shanu suka ci kara, shekarar nan da masarar ƙaninsa aka yi girki a gidansa.

Kai ne wannan, Don Nabor. Kai ne ka san cewa ba ƙishirwa kaɗai ke kashe mutum ba, har da kunyar miƙa hannu. Ka yarda aka mai da kai abin dariya shekara da shekaru, har jikokinmu na tsokanarka da "alƙali mai nauyin barci", ba ka taɓa buɗe baki ka wanke kanka ba. Ni dai duk sanda na tuna, sai in ji ƙwalla ta cika mini ido. Mun gode, dattijo. Ku kuma matasan da shebur ya koma hannunku, ku riƙe doka yadda ya riƙe ta, ku kuma koyi yadda ake taimakon mutum ba a sa shi sunkuyar da kai ba.

Ranar Lahadin nan da ya ajiye shebur, ana tsakiyar cin gasasshen nama a harabar coci, sai ga Doña Ofelia tana dogara sanda, da doguwar igiyar jan barkono a kafaɗa. Ta rataya masa ita a wuya, ta daɗe tana dubansa.

"Nabor," ta ce, "tagar ɗakin girkinku tana kallon gidana. Na gan ka ran nan."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Ta dafa kafaɗarsa.

"Allah ya ƙara maka nauyin barci."