Cikin Ramatu da Ya Kwanta

Tun da na fara aikin tafinta a asibitin nan na Lyon, babu ranar da ta zauna mini a rai kamar ranar da Ramatu ta hana a ɗaura mata metir ɗin awo a ciki. Ku sababbin tafintoci da kuka zo yanzu, ga yadda aka yi.

Ni matar gida ce. Sai da yara suka shiga makaranta na karɓi aikin, safiya biyu a mako, in hawo bis daga Rillieux. A lokacin sashenmu yana wani bincike tare da wani asibiti na Paris, a kan matan da ƙwayayensu ke taruwa a gidan ƙwai ba sa nuna. Mai wannan larura al'adarta takan ɗauke watanni, gashi ya fito mata a haɓa, ƙiba ta taru a ciki, haihuwa ta yi wuya, sau da yawa kuma maiƙo ya yi yawa a jininta. Tsarin aikin daga Paris aka aiko shi. Mace ta zo da safe ba ta ci komai ba tun dare, a auna tsawonta da nauyinta, a zagaya ƙugu da ciki da metir irin na teloli, a kan fata ba a kan zani ba, sannan a ɗebi jini. Madam Silbi, babbar ma'aikaciyar jinya, ita ke awo. Likita na sama da ita. Ni kuwa aikina in faɗi abin da aka ce, kada in ƙara, kada in rage.

Ramatu 'yar Damagaram ce, tana zaune a unguwar Minguettes, mijinta Malam Isufu yana aiki a wata masana'anta a Saint-Fons. Shekarunta biyar da aure ba haihuwa. Ta hau sikeli ba musu, an auna tsawo, an ɗebi jini. Da Madam Silbi ta miƙo metir wajen cibiyarta, sai ta kare cikin da hannu biyu, ta dube ni.

"Yaya, ki ce mata kada ta matse. Akwai mutum a ciki."

Na tambaye ta wata nawa. Ta ce ya fi shekara, kwanciya ya yi. Na san zancen tun ina yarinya. A wajenmu in al'ada ta ɗauke, ciki ya tasa, haihuwa ba ta zo ba, sai a ce ciki ne ya kwanta, zai tashi ranar da Allah ya so. Gwaggota ma an faɗa mata haka. Na juya wannan zuwa Faransanci da ƙyar. Madam Silbi ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta naɗe metir ɗinta, ta je ta kira likita.

Likita ta sa aka yi gwajin fitsari, aka kuma yi eko, wato hoton ciki. Mahaifa babu kowa. A gidan ƙwai kuwa ga ƙananan ƙwayaye sun jeru kamar tsakiya. Likita ta yi bayani a hankali, sannan dukansu suka juyo suna kallon bakina. Na yi bisimilla a zuci na faɗa mata yadda aka faɗa. Ramatu ta goge man da aka shafa mata, ta gyara lulluɓi, ta ce injin ba ya ganin yaron da ke barci. Ta yi mana godiya ta fita.

Bayan azahar ina gida ina tsince shinkafa, Madam Silbi ta kira ni, abin da ba ta saba ba. Ta ce masu gwajin jini sun bugo, jinin Ramatu da aka tace ya fito fari kamar an zuba masa madara. Maiƙon ya kai inda zai iya kumbura wata gaɓa da ke bayan tumbi, kuma wannan kumburin yana kisa. Likita na son a tambaye ta ko tana jin ciwo a saman ciki mai ratsawa zuwa baya. Sun yi ta kira, ba ta ɗauka. Na kira ni ma, shiru. Ƙa'ida ba ta yarda tafinta ta je gidan mara lafiya ba sai da izini, don haka na jira likita ta yarda, na kashe wuta, na bar wa maƙwabciyata yara.

A hanya babu addu'ar da ban karanta ba. Ina ta tunanin ni ce bakin da ya gaya mata babu ɗa, yanzu kuma ni ce zan ce ta sha magani, ita da ke ganin kowace ƙwaya za ta cutar da abin da ke cikinta.

Ta buɗe mini ƙofa a sunkuye, hannu ɗaya a kan ciki. Muka gaisa, na tambayi mai gida, na tambayi mutanen Damagaram. A kan tebur na ga babbar roba ta man shanu, ta kusa ƙarewa, da kwalbar zuma. Ta ce Innarta ce ke aikowa ta hannun matafiya, kullum tana narka kofi guda ta sha da zuma don yaron ya samu ƙarfin tashi. Sai ta ɗan yi murmushi, ta ce ai ya fara motsi, tun shekaranjiya take jin sa.

"A ina kike jin sa, ƙanwata?"

Ta nuna ƙarƙashin ƙirji, ta zagaya da hannu zuwa baya. Daidai wurin da likita ta ce a tambaya.

Ban yi mata gardama a kan ikon Allah ba, ba ni da wannan bakin. Na gaya mata abin da aka gani a jininta, na ce tun kafin in zo likita ta kwatanta mini wannan wurin da ta nuna. Na ce mata jikin nan amana ne, kuma ko ɗan yau ko na gobe, uwa mai rai yake buƙata. Hawaye suka zo mata. Ta ce Inna ta riga ta gaya wa dangi, har an ɗinka zanen goyo. In ta ce babu, da wane ido za ta dubi Malam?

Muna haka Malam Isufu ya shigo da kayan aiki a jikinsa. Da izininta na maimaita masa komai. Ya dubi robar man. Ya ce shi ma ya jima yana lissafin watanni, tsoro ne ya hana shi magana, don ya ga zancen cikin ne kaɗai ke sa ta fara'a. Sannan ya ɗauko mata takalma ya ajiye a gabanta.

"Tashi mu je. Inna kuwa, ki bar ni da ita, ni zan kira ta."

An kwantar da ita kwanaki, ana ƙara mata ruwa, an hana ta abinci da farko. Likita ta ce kumburin ya soma, amma an tare shi da wuri.

Bayan wasu makonni ta dawo sashenmu, ta ɗan faɗa a fuska. Gurbin awon cikinta a takarda na nan babu komai. Da Madam Silbi ta ɗauko metir sai ta tsaya, ta dube ni, ba ta san ta inda za ta fara ba. Ramatu da kanta ta sassauta zani ta ɗaga riga.

"Ki ce mata ta zagaya, Yaya. Ni kaɗai ce."

Na fassara, Madam Silbi ta zagaya metir.

Kukan tambaye ni ko ta haihu. Har yanzu dai ba ta haihu ba. Al'adarta ta dawo, jininta ya gyaru, tana zuwa randebu, wato ranar ganin likita, ita da mijinta, muna kuma roƙa mata. Abin da na koya shi ne, awon nan da ba ya ɗaukar minti guda, wata matar duk abin da take tsaye a kansa ne ake zagayawa. Tun daga ranar na roƙi Madam Silbi, kafin ta warware metir, ta bar ni in tambayi mace abin da ita take gani yana cikin nata. Ku ma ku tambaya, sannan ku faɗa mata gaskiya duka, kuna zaune kusa da ita.