Ramin da Sau-ɗaya ya yanka a gidan surukinsa

A layin masu aikin dutse ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Sau-ɗaya ake ce masa, don tun yana saurayi in ya ɗora inji a kan marmara ba ya maimaita yanka. Tef ɗin awo ma sai ya ga dama yake ciro shi daga aljihu. Zai kifa kwamin wanke hannu a kan dutse, ya zagaye shi da fensir, ya shigo ciki da faɗin yatsa guda, ya yanke. Kwami ya zauna daram, leɓensa a sama ya rufe bakin ramin. Da wannan hannun ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya, ya kuma tara girman kai daidai gwargwado.

Da autarsa da mijinta suka gama gini, shi ya ce ba wanda zai taɓa banɗakinsu sai shi. Ita ta zaɓo dutsen, baƙi mai ratsin fari, guda ɗaya tak ya rage a shagon. Mijin kuma, mutum mai sanyin hali, ya sha yawo kafin ya samo kwamin da take so, irin wanda ake mannawa daga ƙarƙashin dutse, a share ruwa ya gangara ciki ba abin da zai tare shi.

"Baba, akwai takardar awo a kwalin," in ji surukin, yana ɗan rusunawa. "Mai shagon ya ce awo biyu ne, na waje da na ciki. Wai da na cikin ake yanka."

"Mai shago ya taɓa riƙe inji?" Sau-ɗaya ya tambaya.

Surukin ya yi murmushi ya ja baya. Takardar kuwa, a kanta aka baje kayan aiki.

Sau-ɗaya ya kifa kwami, ya zagaye, ya shigo da yatsa guda, ya yanke kamar kullum. Ya goge bakin ramin har yana ƙyalli. Sai da aka ɗora dutsen, surukin ya durƙusa ya tallafo kwamin daga ƙasa, sannan abin ya fito fili. Leɓen da ya kamata ya ɓuya a ƙarƙashin dutse ga shi nan tsirara a cikin ramin, faɗin yatsa biyu, ba fenti ba sheƙi, garas-garas kamar bulo. Abin da dutsen ya kama bai isa a shafa gam ba, balle ya ɗauki kwami cike da ruwa. A ɗora shi ta sama kuma, wannan mummunan leɓen ne zai yi wa baƙi maraba.

Da a gidan wani ne da Sau-ɗaya ya yi faɗa, ya ɗora wa kamfani laifi, ya wuce. Amma gaban suruki ne, mutumin da ko abinci ba ya ci a gabansa.

Autar ta leƙo. "Baba, an gama?"

Kafin ya buɗe baki surukin ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Ni na yi shirme," ya ce mata. "Ƙaramin kwami na ɗauko. Ramin Baba daidai yake, bari in je in canzo babba."

Ta harare shi. "Ai na faɗa maka ka tafi da Baba tun farko."

Ya ce haka ne. Ya tattara kayan aikin gefe, ya naɗe takardar ya sa a kwali, bai ko dubi inda tsohon yake ba. Wannan rashin duban ya fi komai yi wa Sau-ɗaya ciwo. Da zaginsa aka yi da ya san abin da zai ce.

Babban kwamin ya zauna lafiya, ko da yake famfon ya matsu da bango, sai an karkata hannu ake murɗa shi. Tun daga ranar Sau-ɗaya ba ya yanka sai ya buɗe kwali ya sa tabarau, abokan aiki na tsokanarsa wai tsufa ya zo.

Har yau in baƙi suka je gidan, autar takan ja su banɗaki ta shafa dutsen. "Aikin babana ne, sau ɗaya ya yanka." Mijin ya gyaɗa kai. Sau-ɗaya kuwa in ya kai ziyara aka ce ya shiga ya wanke hannu, sai ya ce iskar waje ta fi masa, ya nufi famfon tsakar gida.