Ragon suna da takardar inshora

Jama'a, yau an so a biya ni gyaran mota da rago!

Ina dawowa daga Kiyawa da hantsi, sai wata tsohuwar a-kori-kura ta daki bayan motata. Fitila ta fashe. Direban dattijo ne, ya fito ya same ni.

Ya ce, "'Yata, laifina ne. Ga rago nan a baya, ki ɗauka."

Na ce, "Baba, ragon na mene ne?"

Ya ce na sunan jikarsa ne, jibi.

Sai zuciyata ta karye. Na ce ya nuna mini takardun motar. Ga inshora nan, ƙaramar, wadda ba ta gyara motarka, amma takan biya ɓarnar da ka yi wa wani. Na kira kamfanin, suka ce a turo hotuna.

Baba ya riƙe baki. "Ashe tana da aiki? Ni don masu tsare hanya nake sabunta ta."

Na ce ya kai ragonsa gida.

Har ya tayar da mota, sai ya leƙo ya tambayi sunana. Na ce Hadiza.

Ya ce, "Madalla. Jaririyar mace ce, kuma ba mu tsayar da suna ba tukuna."